Gyaɗar Kano da Gardamar Jari-Hujja: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Sikeli?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, wata tsohuwar gardama ta sake kunno kai a gidajen rediyo da majalisun unguwa da zaurukan jami'o'i. Wasu na cewa a sakar wa kasuwa mara ta yi halinta, domin duk inda gwamnati ta tsoma hannu a saye da sayarwa, ƙarshensa dogon layi ne da ɓoye kaya da cin hanci. Wasu kuma na cewa tsarin jari-hujja ba shi da imani, da zarar hukuma ta ja da baya masu hannu da shuni za su haɗiye talaka ɗanye, saboda haka a ƙayyade farashi, a dawo da hukumomin sayen amfanin gona irin na da. Kowane ɓangare yana da malamansa. Na farko sukan jingina da Adam Smith da Hayek da Milton Friedman, na biyu kuma da Keynes da Karl Polanyi, masu zafin cikinsu har da Karl Marx. Amma idan magana ta dawo gida, dukansu wuri ɗaya suke nunawa da yatsa, wato dalar gyaɗa ta Kano. Wannan ya ce ga abin da himmar manomi da ɗan kasuwa ta gina, wancan ya ce ga abin da gwamnati mai tsari ta tara.

A ganina tarihin gyaɗa bai bai wa kowannensu gaskiya yadda yake so ba. Manomi ya fi shan wuya ne a duk lokacin da mai sayen kayansa ya zama ɗaya tilo, kamfanin Turawa ne ko hukumar gwamnati. Sannan akwai ayyuka biyu da ake cakuɗa su idan ana maganar sa hannun gwamnati: aikin mai tsare awo da inganci da alƙawari, da kuma aikin ɗan kasuwa mai saye da sayarwa. Najeriya ta rungumi na biyun sama da shekara 40, da ta tashi ajiye shi a 1986 kuwa sai ta haɗa da na farkon ta watsar.

Kasuwar da Turawa suka tarar

Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ba a taɓa barin ta kara zube ba. Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya ba da labarin shugaban kasuwa mai raba rumfuna, mai sa ido kan ciniki, har da sa baki a farashi. Ya kuma lura cewa dillali yakan rubuta sunansa a cikin ƙunshin riga ko turkudi. Idan an kai kayan har Barno aka kwance aka tarar da algus, sai a maido su Kano, dillalin ya nemo mai kayan a tilasta masa mayar da kuɗi. Wannan amana ita ce ta sa bafatake zai sayi ƙunshi bai kwance ba, ya ɗora wa jaki ya yi tafiyar wata guda hankalinsa kwance.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da rarrabe ayyukan nan biyu. Hadisin Anas ɗan Malik sananne ne: tsada ta auku a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yi ba. Amma shari'ar nan ita ce ta hana tauye mudu, ta hana ɓoye abinci don a jira tsada, ta hana tare ayari a bayan gari kafin masu kaya su san yadda kasuwa take, ta hana mutum ya riƙa taya kaya da baki ba da niyyar saye ba don kawai ya ruɗi wani. Ibn Taimiyya, a littafinsa kan hisba, ya halatta wa hukuma yanke farashi idan wasu 'yan tsiraru suka yi kane-kane a kan abin da jama'a ba za su rayu ba sai da shi. Ibn Khaldun kuwa ya ware fasali guda a Muƙaddima yana bayanin yadda shigar sarki cikin fatauci take cutar da talakawa, take kuma karya harajin shi kansa sarkin. A nan gida, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa kashe-mu-raba da masu kula da kasuwa suke karɓa daga mahauta da sauran masu sayarwa cikin zaluncin sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi. Ke nan gardamar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma ba daga Landan ko Shikago aka fara jin ta ba.

Kada dai a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. A kasuwar da Clapperton ya yaba wa tsari, akwai rumfunan da mutane ake sayarwa a cikinsu.

Yadda manomi ya kayar da shirin Turawa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Ba don gyaɗa aka shimfiɗa dogon ba. Burin masu masaƙun Lankasha a Ingila, ta hannun ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga da aka kafa a 1902, shi ne Arewacin Najeriya ya zama gonar audugarsu, su huta da dogaro da Amurka. Gwamnatin mulkin mallaka ta mara musu baya, aka raba iri, aka kafa injunan gurza, aka sa sarakuna su yi ta kira. Abin bai karɓu a ƙasar Kano ba, dalili kuwa mai sauƙi ne: masaƙa da marina na gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi wadda Turawa suke tayawa.

A daidai wannan lokaci masana'antun Turai suka gano hanyar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da shi, sai buƙatar gyaɗa ta tashi. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya nuna, a bincikensa da aka buga a 1978, cewa fataken goro na Kano ne suka fara hango wannan dama. Mutane irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo sun riga sun mallaki jari da yara da amanar mutanen karkara daga fataucin Gwanja. Sai suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi, suna ba da bashi a biya da gyaɗa. Manomi ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana shiga tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, ba ta cin aiki kamar auduga, kuma idan shekara ta ɓaci ana iya cin ta. Auduga kuwa ba ta shiga tukunya. A 1912 abin da Najeriya ta fitar bai wuce tan 2,500 da 'yan kai ba. A 1913 ya haura tan 19,000. A 1916 ya kai tan 50,000.

Masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara suna da babbar hujja a nan, kuma ya kamata a ba su ita cikakkiya. Jami'ai masu ilimi da taswira da kuɗi sun zaɓi auduga, manomin da ba a taɓa tambayarsa ba ya zaɓi gyaɗa, kuma shi ne ya yi daidai. Abin da Hayek ya yi ta nanatawa ke nan, cewa sanin da ake buƙata don tafiyar da tattalin arziki a warwatse yake a kawunan dubban mutane, babu ofishin da zai iya tattara shi. Sai dai hujjar tana da iyaka. Dogon da ya kai gyaɗar Legas gwamnati ce ta gina shi. Harajin da ya sa dole kowane magidanci ya nemo sulalla a lokacin kaka gwamnati ce ta ɗora shi. Kuma shekarar da ciniki ya buɗe ita ce ta zo da fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba a wasu wurare, aka rasa rayuka masu yawa, hukuma ba ta taɓuka abin kirki ba. Michael Watts ya gina littafinsa na 1983 a kan wannan batu, cewa shigar kuɗi da haraji sun raunana tsofaffin hanyoyin da karkara take kare kanta daga yunwa.

Lokacin da masu saye suka haɗa baki

Gasar da ta ɗaga farashi a shekarun farko ba ta daɗe ba. A 1929 aka haɗe Kamfanin Neja da wani babban abokin hamayyarsa aka samar da UAC, wanda ya koma ƙarƙashin Unilever, wato mai saye a Kano da mai matse mai a Turai suka zama gida ɗaya. UAC da John Holt da PZ da kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA sukan ƙulla yarjejeniya kan farashin da za su saya da kason kowa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, farashi ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Manomi ya kai kaya kanti, 'yan baranda su tare shi, sikeli na mai saye, farashi na mai saye, ɗan sarki kuma yana jiran kuɗin haraji a gida.

Wannan ma jari-hujja ce, kuma ita ce fuskarta da masu yabon ta ba sa son a tuna. Adam Smith da kansa ya yi gargaɗi tun 1776 cewa 'yan sana'a ɗaya ba su cika haɗuwa su watse ba tare da sun ƙulla yadda za su cuci jama'a a farashi ba. A ƙasar da ake kira Gana yanzu, manoman koko sun ƙi sayar da kayansu a kakar 1937 zuwa 1938 saboda irin wannan haɗin baki, har Ingila ta turo kwamitin Nowell ya yi bincike, ya kuma soki yarjejeniyar kamfanonin.

Akwai wani abu da ya faru a Kano wanda ba a cika ambatonsa ba. Wani ɗan kasuwa mutumin Tarabulus, Saul Raccah, ya ƙi shiga yarjejeniyar, ya riƙa saye da tsada yana fitarwa da kansa, har ya ƙwace kaso mai tsoka na cinikin kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Wato kasuwar ta fara samar wa kanta magani. Abin da ya taka masa burki shi ne dokar yaƙi. Da gwamnati ta karɓe cinikin ta hannun hukumar kula da amfanin gona ta Afirka ta Yamma a 1942, sai ta raba wa kamfanoni kaso bisa abin da kowa ya saba saye a shekarun baya, tsarin da ya fifita tsofaffin manyan kamfanoni. Babakeren da ɗan kasuwa ɗaya ya fara fasawa, doka ta zo ta ɗinke shi.

Gwamnati ta zauna a kan buhu

Bayan yaƙi ba a saki cinikin ba. An kafa hukumar koko a 1947, ta gyaɗa da ta auduga da ta kwakwar manja a 1949, sannan a 1954 aka mayar da su hannun jihohi, Jihar Arewa ta samu tata hukumar mai kula da duk kayan da take fitarwa. Tsarin shi ne: hukuma ta sanar da farashi a farkon kaka, ejojin da ta bai wa lasisi su saya a tashoshin da aka amince, ma'aikatan duba kaya su tantance inganci, a kai bakin dogo, wani kamfanin hukumomin ya sayar a Landan. Ba wanda ya isa ya fitar da buhu ɗaya waje sai ta wannan ƙofa. Dalilin da aka bayar mai daɗin ji ne, wai a shekarar tsada a rage wa manomi wani abu a ajiye, a shekarar araha a cika masa.

Ajiyar ta yi ta hauhawa, cikon kuwa sai jefi-jefi. P. T. Bauer ya fito da wannan a fili a littafinsa kan kasuwancin Afirka ta Yamma na 1954, ya ce abin da ake kira daidaita farashi haraji ne da aka sauya wa suna. Gerald Helleiner, wanda ya fi Bauer sassauci ga hukumomin, ya yi lissafin cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1960, idan aka haɗa rarar hukuma da harajin fitarwa da na saye, kusan rubu'in abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa ne aka riƙe. Kafin 'yancin kai, an zuba wani babban kaso na kuɗin a takardun bashin gwamnatin Birtaniya. Ma'ana, manomin Gumel da na Ɗambatta yana ranta wa Ingila kuɗin farfaɗowa daga yaƙi bai sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Masu kare hukumar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Da wane kuɗi za a gina Arewa? Babu man fetur, babu masana'antu, babu ma'aikata masu albashi da za a yanki haraji a jikinsu. Kuɗin gyaɗa da auduga ne suka shiga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, suka tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, suka riƙe binciken noma a Samaru, suka yi hanyoyi da rijiyoyi. Duk ƙasar da ta kafa masana'antu, in ji su, daga gona ta tatsi jarin farko. Na yarda da rabin wannan magana. Inda na rabu da su shi ne yadda aka karɓi kuɗin. Harajin En'e, duk da zafinsa, yana da suna, yana da adadi, yana da rasit, mutum ya san abin da aka karɓa har ya iya yin ƙorafi, kuma a kan irin wannan ƙorafi ne NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi farin jini bayan kafa ta a 1950. Na hukumar gyaɗa kuwa a cikin farashi aka ɓoye shi, mai biya bai san ya biya ba, kuma aji ɗaya na jama'a ne ya ɗauke shi. Kuɗin da mai shi bai san an karɓa ba, ba zai tambayi inda aka kai shi ba. A Jihar Yamma, kwamitin Coker na 1962 ya bankaɗo yadda miliyoyin fam na hukumar koko suka zurare ta wani kamfani zuwa asusun jam'iyyar da ke mulki.

Illar da ta fi daɗewa tana cikin lasisin. Da siyasa ta kankama, aka fara mayar da lasisin eja hannun 'yan ƙasa, abin da yake daidai a kan kansa. Amma wanda yake raba lasisi da bashin banki shi ne mai mulki, kuma masu nazarin siyasar Jamhuriya ta Farko sun nuna yadda kusanci da jam'iyyar NPC mai mulki ya zama tsani ga mai neman shiga cinikin. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi arzikinsa ne da fatauci tun kafin a san wata hukuma. Bayansa sai aka samu wani sabon salon attajiri, wanda jarinsa takarda ce mai sa hannun minista. Salon bai mutu da gyaɗa ba. Shi ne ya koma lasisin shigo da kaya a zamanin Shagari, ya koma rabon dala a farashin gwamnati, ya koma takardun tallafin mai. Yawancin abin da talakan Najeriya yake tsine wa da sunan jari-hujja wannan ne, kuma Friedman da kansa ba zai amsa sunansa ba.

Ita kanta dalar, ya kamata a faɗi abin da take nufi. Buhunan sun taru ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe su a kan lokaci, musamman bayan yaƙi da aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu, har gyaɗar wata kakar takan tarar da ta bara tana jibge, ƙwari suna ci. Shaida ce ta yawan noma, haka ne, amma kuma shaida ce ta cushewar sufuri.

Faɗuwa, da gyaran da ya zarce

A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, abin da hukuma ta saya a kakar 1966/67 ya haura tan miliyan ɗaya. Kafin shekara goma fitarwar ta tsaya cak. Ba adalci ba ne a ɗora wa hukumar laifin duka. An yi farin 1972 zuwa 1974, cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki a 1975, kuɗin fetur ya ja matasa birni, ya kuma sa naira ta yi ƙarfin da ya kashe duk wani mai fitar da kaya. Amma tun kafin fari manomi ya fara juya wa hukumar baya. Yakan sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli da mai, ko ya koma hatsi, ko a bi da kayan ta Maigatari da Ɓaɓura da Jibiya zuwa Nijar duk shekarar da farashin kamfanin SONARA na can, wanda aka kafa a 1962, ya fi na gida. Fasa-ƙwaurin nan ita ce ƙuri'ar da manomi ya samu ya kaɗa. Har yau kuwa Najeriya tana cikin manyan masu noman gyaɗa a Afirka, ana cinye ta ne a gida. Littafin gwamnati ta bari, ba ta bar gona ba.

An yi wa hukumomin garambawul a 1973, aka sake mayar da su na ƙasa baki ɗaya a 1977, duk bai hana su zama ma'aikatun biyan albashi ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe su a ƙarƙashin shirin SAP, ta soke lasisin shigo da kaya, ta saki naira daga kusan ɗaya a kan dala zuwa wajen huɗu. Rushe ikonsu na saye su kaɗai daidai ne, kuma manoman koko sun ga ƙarin kuɗi nan take. Kuskuren shi ne ba a tsaya an tambayi sauran ayyukan da suke yi ba. Su ne masu tantance inganci, su ne masu raba irin auduga mai magani shiyya-shiyya, su ne masu ba da kuɗin bincike. Da aka rufe ofis aka sallami kowa, sai kokon Najeriya ya zube a idon masu saye, alhali Gana, wadda ta gyara hukumarta ba ta rushe ba, ta ci gaba da samun ƙari saboda inganci. A yankin Funtuwa da Gusau iri ya cakuɗe, zaren buhun leda ya shiga auduga, masaƙu suka rasa abin da za su dogara da shi. Rashin wutar lantarki da atamfar fasa-ƙwauri suka ƙarasa su, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da dillalin Kurmi yake tabbatarwa da rubutun sunansa a 1824, ƙasa mai ma'aikatu da hukumomi barkatai ta kasa tabbatar da shi.

Akwai wata shaidar da ta fi wannan. Amurka, uwar jari-hujja, ta yi dokar hana babakere tun 1890, ta kuma tarwatsa kamfanin Standard Oil da ita a 1911. Najeriya ta saki kasuwa a 1986, ta sayar da kamfanonin gwamnati, amma ba ta samu cikakkiyar dokar gasa da kare masu saye ba sai a farkon 2019.

Halin da ake ciki

Kuskure ne a ce gwamnati ta fita daga kasuwa tun 1986. Ta bar wurin da ake buƙatarta ne, ta tare inda ake rabo. A 2015 Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da kaya iri 41. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 aka rufe iyakokin ƙasa, fataken Jibiya da Illela da Maraɗi suka ji a jikinsu, masu manyan injunan casar shinkafa suka ci kasuwa. An raba bashin noma ta shirin da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, farashin buhu bai sauko ba. Siminti misali ne mai fuska biyu. Kariyar da aka bai wa masu sarrafa shi a gida tun 2002 ta sa ƙasar ta daina dogaro da na waje, wannan nasara ce, amma kamfanoni uku ne suke riƙe da kusan dukkan kasuwar. Koriya ta Kudu ma ta kare kamfanoninta, sai dai ta ɗaura musu sharaɗin su fita su yi gasa a kasuwar duniya, wanda ya kasa a janye masa gata. A nan ana ba da kariyar ne babu wa'adi babu sharaɗi.

Wani misalin kuma shi ne hana fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida da aka sanar a Agustan 2025, don masu matse man kaɗe na gida su samu kaya. Farashi ya faɗi cikin 'yan kwanaki, kuma matan karkara masu tsintar kaɗanya a Neja da Kwara da Kebbi ne suka biya. Dabarar 1949 ce aka sake ɗaukowa, a rage wa mai kaya masu saye don wani ya samu araha.

Su ma masu cewa a bar kasuwa kawai, akwai tambayar da ba su amsa ba. Polly Hill ta nuna a bincikenta na Ɓatagarawa, wanda aka buga a 1972, yadda ƙaramin manomi yake sayar da hatsinsa da kaka a kan araha, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara ko tsakiyar damina. Wanda ya ci bashin falle ya riga ya sayar da amfaninsa tun yana gona. Ba shi da rumbun da zai jira farashi, ba shi da hanyar da mota za ta shigo, a sassan Zamfara da Katsina ma sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe. Mota ɗaya daga Dawanau zuwa Legas tana ratsa shingaye da masu yankan rasit ba iyaka. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, buhu kuma ana yi masa toliya yadda mai saye ya ga dama. Ce wa irin wannan mutum yana da 'yancin sayar wa wanda ya so, alhali mutum ɗaya ne yake iso ƙauyensu da mota, wasa da hankali ne. Duk abubuwan nan kuwa, tsaro da hanya da awo da kotun da za ta karɓo wa mutum haƙƙinsa cikin wata guda, aikin hukuma ne, kuma sun fi rufe rumbuna wuya. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Jama'a sun yi murna, kuma shari'a ta san laifin ɓoye kaya. Amma sai an bambance mai ɓoyewa don ya ƙuntata wa mutane da mai ajiya daga kaka zuwa damina, domin idan aka tsorata na biyun, hatsin da za a ci a watan Yuli ba za a same shi ba.

A Fabrairun 2024 ɗin ne kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya bayyana niyyar kafa hukumar kayan amfanin gona ta ƙasa. Idan aikinta ajiyar abinci don ranar yunwa ne, da tantance inganci, da yaɗa farashi a rediyo, da saye a fili tana gasa da kowa, to a yi maraba da ita. Amma ina kira ga 'yan majalisar da suka fito daga yankunan noma, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, duk ranar da daftarin irin wannan doka ya zo gabansu, su nemi sashen da ya yi magana kan wanda aka yarda ya saya da wanda aka yarda ya fitar. Idan an taƙaita shi ga hukuma da masu lasisinta, su ƙi amincewa da shi.